Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Tsaron Ƙasar Nijar kan kayan aikin sojojinmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Mu da muka rubuto wannan takarda daga Damagaram tsofaffin makanikan soja ne da direbobi da masu kula da rumbun kaya, waɗanda suka ajiye kaki. Mun san ƙasa na cikin yaƙi, kuma akwai masu ganin duk wanda ya buɗe baki kan kayan soja ya karya wa mayaƙa gwiwa. Abin da ke karya gwiwar soja shi ne ya murɗa makulli mota ta ƙi tashi ana tsakiyar ruwan wuta. Ba za mu faɗi inda wata runduna take ko abin da ke hannunta ba.

Ranar 10 ga Disamban 2019 an kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Gawa 160 ke nan cikin wata guda. Ƙasa ba ta gama zaman makoki ba binciken sufetocin rundunar soja ya nuna an yi asarar kusan miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba. Shi ya sa hankalinmu bai kwanta da dokar 23 ga Fabrairun 2024 ba, wadda ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati. Gaggawa hujja ce, sirri ma hujja ce. Amma ɓarnar da aka bankaɗo a 2020 a ƙarƙashin inuwar sirrin tsaro aka yi ta, kuma babu tabbacin cewa sauya shugabanni ya sauya halin 'yan kwangila.

Bari mu sauko kan mota, don a kanta yaƙin nan yake tafiya. Land Cruiser a-kori-kura da aka fi dogara da ita, kayan da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kusan tan guda ba. A yi lissafi. Soja takwas da bindigoginsu da sulke sun haura kilo 700. Ruwan shansu na kwana uku, lita goma kowane mutum a yini lokacin bazara, kilo 240 ne. Duron gazuwal mai lita 200 ya kusa kilo 190. An riga an wuce iyaka, ba a ɗora babbar bindiga mai harsashin milimita 12.7 da ƙafarta da akwatunan harsashi ba. Sai sifirin na baya ya miƙe ya karye, kuloci ya ƙone a rairayi, taya ta yi zafi ta fashe. Za a ce direba ya yi ganganci, alhali motar rakiya mai ɗaukar ruwa da mai ce ba a haɗa su da ita ba.

Injin nan mai haƙuri ne, abu biyu ke kashe shi: ƙura da gurɓataccen mai. A hanyar Gure zuwa Tasker lokacin hunturu, filtar iska tana bukatar kakkaɓewa kullum. In ta tsage aka ci gaba da tafiya da ita saboda babu sabuwa, ƙura ta shiga ta cinye zoben fistin, inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, cikin 'yan watanni a sauke shi. Gazuwal kuwa, matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu a hanyar Tanut, tun 2011 take aiki. Ba a can mai ke lalacewa ba, a duro ne: tsatsa, yashi, da raɓar da ke taruwa a gindinsa. Ruwan nan in ya kai famfon mai da nozul, gyaran ya fi ƙarfin bakaniken daji. Mazurari mai tace ruwa, da barin duro ya kwanta kafin a ɗiba, da juyen baƙin mai a kan lokaci duk kilomita 5,000, su ne maganin, kuma kuɗinsu bai kai na taya biyu ba.

In kayan gyara suka yanke, abin da ke biyo baya sananne ne a kowane gareji. A cire lagireton wannan a sa wa waccan, gobe a cire batir, jibi a kwance gada. A takarda mota goma ce, a fili shida ke motsi, huɗu na zaune bisa dutse ba tayu. Shugaban da ke Yamai takarda yake gani, da ita yake tsara kai ɗauki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk kwangilar mota ta zo da filtoci da bel da farantin kuloci da tayu na aƙalla shekara biyu, in ba haka ba kada a sa hannu. Kuma a ajiye su kusa. Daga nan zuwa Difa fiye da kilomita 450 ne, daga Yamai kuwa sai an ƙara kusan 900. Yankin tsaro na 3, wato na nan Damagaram, shi ne wurin da ya dace da babban rumbu da gareji mai iya sauke inji da gwada famfon mai, musamman tun da aka fasa bututun man fetur a yankin Tasker a watan Yunin 2024, aikin sintiri ya ƙaru.

Nakiyar da ake binnewa ita ce ta fi cin rai a kan hanya. A Tabatol, cikin Oktoban 2023, sojoji 29 suka rasu a harin da aka yi da nakiyoyi da motocin ƙunar baƙin wake. Ƙarƙashin a-kori-kura shimfiɗaɗɗe ne, ƙarfin fashewa kai tsaye yake shiga inda mutane suke. Mota mai sulke da aka yi wa ƙarƙashi mai tsini tana watsa shi gefe. Sai dai nauyinta na haura tan goma, tayarta ta daban ce, in ta kafe sai da motar ja. Sayenta ba tare da waɗannan ba ajiye ta ne. Ga kuma tarkacen iri: na Sin, na Faransa, na Amurka, na Turkiyya, na Rasha, kowanne da sifanarsa. Har harsashi haka ne. 12.7 na bindigar Rasha ba ya shiga 12.7 ta Amurka, tsawon kwansonsu ya bambanta. A ware wa kowace runduna iri ɗaya.

Rediyon hannu ba ya wuce 'yan kilomita, zafi kuma na kashe batirinsa da wuri. Sansanin da ya dogara da eriyar salula, ranar da aka rusa ta ya zama kurma. Kowanne na bukatar rediyo mai dogon zango, da batir na canji, da faranti mai hasken rana.

Sojojin Faransa sun tafi a Disamban 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024. Ƙasa ta zaɓi tsayawa da ƙafarta, to kwasar masu rauni ta sama ya dawo wuyanmu. Wanda harsashi ya yanke wa jijiyar cinya mintoci kaɗan gare shi. Maɗaurin tsayar da jini a aljihun kowane soja, da koya masa ɗaura shi da hannu ɗaya, ya fi araha bisa duk abin da muka lissafa.

Ranka ya daɗe, tun Oktoban 2023 talaka ke zuba kuɗi a asusun ceton ƙasa, har da dala biyu da ake cire masa a waya. Muna roƙon kada a karɓi kowane kaya sai bakanike da lajidan na rundunar da za ta yi aiki da shi sun gwada sun sa hannu. Sufetocin soja su binciki kowace kwangila ko da a asirce ne, a hukunta wanda ya ci. Kuma duk wata uku a kawo maka adadin motocin da ke tashi, ba waɗanda ke rajista ba, daga bakin shugaban gareji, ba tare da an hukunta shi don ya faɗi gaskiya ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba masu rauni lafiya.

Wassalam,
Wasu tsofaffin makanikai da direbobin soja, Damagaram