Dan Allah a bar mana ƙwararrun malamai a aji ɗaya

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu yawan ƙorafi. Dan Allah a ɗan sam min fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana cin raina.

Ni tela ne a nan cikin birnin Katsina, ban yi nisa a boko ba, ina gama sakandare na hau keke. Amma shagona a bayan wata firamaren gwamnati yake, katangar wajen ta zube tun wata damina ba a tada ta ba, sai ya zama tagar aji ɗaya na kallon ƙofar shagona, in na miƙa tef ɗin awo sau uku zai taɓo ta. Shekara tara kenan duk abun da ake yi a ajin nan a kunnena ake yin shi, har yaran shago ke tsokanata wai duk jihar Katsina ba wanda ya kai ni maimaita aji ɗaya. Ba zan kama sunan makarantar ba dan ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san halin da take ciki ba ita kaɗai ba ce.

Bari in ba ka yadda ranar ke tafiya. Bakwai da 'yan mintoci yara sun fara ɓullowa, wani da tsintsiya a hammata, wani yayarsa na jan shi yana kuka yana tirjewa, in hunturu ne kau ka gansu fururu, hanci na zuba, an ɗora ma yaro rigar sanyin babanshi har gwiwa. Sai shara, ƙura ta tashi ta shigo min shago ta hau shaddar mutane, na haƙura da wannan tuntuni. Bakwai da rabi monita ya ɗauki ƙarfe ya rafka ma wani tsohon wilin mota da aka rataye a jikin bedi, shi ne ƙararrawar. A yi layi a asembili, addu'a, a duba farce da kai da yunifom, a yi taken ƙasa. Tun da aka dawo da tsohon taken a watan Mayun 2024 wallahi sai da aka kwashe kusan zango guda ana kokawa da shi, manya su ja ƙanana su bi da mmm mmm, sai an zo ƙarshe kowa ya ware murya. 'Yan latti kuma suna can bakin get sun kama kunne.

Ana shiga aji sai ka ji gud mooonin maaa, a ja shi kamar ana jan ɗanko. Sai kiran rajista, kuma fa Edita nan ne lokaci ke tafiya, na taɓa bi da kunne ina ƙirgawa ina ɗinki, suna ɗari da sha huɗu aka kira a aji ɗaya tak, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare. Kafin a gama firezan ma firezan ma, a raba faɗan wanda aka sace ma fensir, a kai wanda ya yi fitsari a wando wajen yayarsa a aji biyar, rana ta ɗaga. Benci bai fi takwas ba, sauran a ƙasa suke, wasu kan buhu da suka zo da shi daga gida, littafi bisa gwiwa.

Daga nan sai karatu, nan ne inda maganata take.

Shekaru shida na farko abun da nake ji kullum ta Allah shi ne E fo aful, Bi fo bol, Si fo kat, malami ya faɗa su amsa, ya buga sanda a tebur su ƙara ɗaga murya. Sai wan tu tiri har handired. In kana wucewa ta titi ka ji amon sai ka ce ma sha Allah ana karatu. Ni ma haka na ɗauka, har da alfahari na, dan babban ɗana ta ajin nan ya bi, yana dawowa gida yana rera ma uwarshi E fo aful tana murna tana cewa ɗana ya iya Turanci. Yaron da bai taɓa riƙe aful a hannunshi ba, mangwaro da goruba da magarya ya sani. Sai da ya kai aji huɗu ranar nan wani kwastoma ya aiko da takardar awo, hannuna da man keke na ce mashi kai karanta min, kalma uku ce fa, riga, wando, hula, da Hausa. Yaro ya ƙura ma takarda ido ya yi tsuru tsuru. Na ɗauki alli na ɗinki na rubuta M a jikin tebur na ce wannan fa, sai ya fara daga E, Bi, Si yana ƙirgawa da yatsa yana jira ya zo inda zan ce yawwa. Ashe waƙa ya haddace, harafin kau ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Kuma kowace shekara ana ba shi rifot kad an rubuta ya ci, ya wuce aji na gaba.

Ana haka sai aka kawo wata malama, ba yarinya ba ce, ta manyanta, mai NCE ce, wato takardar shaidar koyarwa, an ce ta samu horo a shirin nan na RANA da aka yi a Katsina da Zamfara na koyar da karatu da lissafi da Hausa. Daga ranar da ta shiga ajin sautin da ke fitowa ta taga ya canza. Ita ba ta fara da sunan harafi, da sautin shi take farawa, harafi guda sai ta yi kwana biyu uku a kanshi. Ta rubuta n ta ce nnn, kowa ya ce nnn, ta ce wa zai faɗo min abun da ya fara da nnn a gidansu, sai ka ji nama, nono, wata ta ce Nana, wani ɗan ƙiriniya ya ce naira aji ya kwashe da dariya. Ta sa su rubuta shi a iska da yatsa, su rubuta a bayan na gabansu, ta fito da su waje ƙarƙashin bedi kowa ya share gabanshi ya rubuta a ƙasa, ita kuma tana bi tana duƙawa tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya juya harafin ta kama yatsanshi su rubuta tare. Sai ta kawo wasula, na ne ni no nu, sai haɗa gaɓa, na da ma, nama. In yaro ya haɗa da kanshi karon farko akwai wani ihu da yake yi, ni da nake kan keke ina gane shi, ya sha bamban da ihun amshi.

Lissafi ma haka. Ta ce kowa ya zo da marafan kwalba ashirin ko ƙwallon dabino, ni na ɗiɗɗinka masu 'yan jakunkuna da ƙyallayen da ke zube a shago, da ma ni ke yi masu dasta. Sai ta ce an ba ka naira hamsin kuɗin tara ka sayi awara ta talatin, nawa mai awara za ta ba ka canji, ai kafin ta rufe baki sun amsa, dan waɗannan yaran rabinsu suna talla da yamma, lissafin kuɗi a kansu yake, rubuta shi ne kawai ba su iya ba. In ta ga sun fara hamma sai ta ce gatanan gatananku, su ce ta zo mu ji ta, ta ba su ta gizo da ƙoƙi ta tsaya a tsakiya ta ce to mi kuke gani zai faru. Turancin ma tana yi masu, da baki, sit dawun, stan of, kom hiya, sunayen abubuwan da ke cikin aji, amma karatu da rubutu da Hausa ta fara ɗora su.

Ɗiyata ƙarama a hannunta ta yi aji ɗaya. Wata rana an fito tara, wajen ƙarfe goma, lokacin da masu ɗanwake da awara da alewar madara da 'yar yau ke jeruwa bakin katanga, ta shigo shago karɓar kuɗin tara sai ta tarar da littafin awona a buɗe. Ta sa yatsa tana bi a hankali, ba-kin wan-do. Ta ɗago ta ce Baba bakin wando kake nufi wajen ƙafa ko baƙin wando mai launi. Na ce baƙi mana, baƙin yadi ne na Alhaji. Ta ce to ai ba ka sa mashi ƙugiya ba, Malama ta ce k daban ƙ daban, in ba ka sa ba wani abun ka rubuta. Ta ɗauki bairona ta lanƙwasa kan harafin ta ajiye ta amshi naira hamsin ɗinta ta ruga. Shekararta bakwai. Ni shekara ashirin ina rubuta shi haka, kuma a sana'armu duka biyun akwai su, bakin wando da baƙin wando, Allah ne kawai ya tsare ban taɓa yanka ma wani kaya ba daidai ba. Yayanta na zaune yana saka maɓalli, ya sunkuyar da kai, abun ya ba ni tausayi dan ba laifinshi ba ne. Yanzu ita ke zama da shi bayan sun taso daga Islamiyya tana mashi ba be bi bo bu, da farko yana jin kunya yana korarta, yanzu ya saki jiki.

To Edita farkon zangon nan aka ɗauke malamar aka maida ta aji shida, wai ta fi ƙarfin aji ɗaya, a can ake buƙatarta saboda masu zana jarabawar shiga sakandare. Aji ɗaya kuma aka ba wani ɗan saurayi da ya zo koyon koyarwa, yaron kirki ne wallahi yana gaishe ni kullum, amma yara ɗari da wani abu sun fi ƙarfinshi, sati biyu ya gwada ya ga ba ci, yanzu E fo aful ta dawo. Na samu hedimasta na yi mashi magana cikin ladabi, ya ce Malam ka yi haƙuri malamai ne ba mu da su, kuma da sakamakon aji shida ake auna makaranta, ba mai zuwa ya tambaye ni aji ɗaya. Ban ga laifinshi ba sosai, gaskiya ya faɗa min. Amma mi za ta koya ma ɗan aji shida da bai iya haɗa baƙi ba, cikin wata tara? Sai dai ta koma da shi aji ɗayan a fakaice.

Abun da ke ɗaure min kai, mu fa ba baƙin wannan ilimin ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kuma malam ba ya ce maka je ka wanke sai ka zo gabanshi kai kaɗai ka biya, ya nuna maka harafi da tsinke ka faɗa. Ba ruwanshi da cewa shekara ta zagayo. A garin da ke da hasumiyar Gobarau, garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 dan horar da malamai, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a ce sai wani ya zo ya tuna mana cewa tushe ake fara ginawa. Ga FCE, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, a nan cikin gari, ga Kwalejin Isa Kaita a Dutsinma, kowace shekara suna yaye masu NCE, amma a idon mutane malamin aji ɗaya shi ne ƙaramin malami, har wasu na ɗauka horo ne in an tura su can.

Su ma na sama sun ƙi tsayawa waje ɗaya. Da can tsarin ya ce a koyar da harshen uwa a shekaru ukun farko, a 2022 lokacin Ministan Ilimi Adamu Adamu aka ce a'a har aji shida ma, a 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya ce an soke a koma Turanci. Ni dai ba zan ja da masu digiri ba, abun da na gani ta taga na faɗa, na ga wanda aka fara da Turancin amshi ya kai aji huɗu bai san M ba, na ga wadda aka fara da Hausa tana gyara ma ubanta rubutu, kuma yanzu da take aji biyu Turancin ma tana ɗan tsintar shi a jikin kwalin zare da ledar biskit, tunda ta riga ta gane cewa harafi magana yake yi.

Mu iyaye ma muna da namu kason. Yaro zai zo ba fensir, ba littafi ko ɗan ashirin, ba karin kumallo. Lokacin ciyarwar nan ta zamanin Buhari da ake ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci ajin har ba ya ɗaukar su, da aka daina sai ga wasu sun ɓace, wasu kuma in sun fita tara shikenan sai gobe. In an kira taron PTA mutum goma ba su cika. Ni kaina shekara huɗu ban taɓa buɗe jakar ɗana ba, ina jin waƙa na ɗauka karatu ne.

Roƙona ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, kuma ga mai girma Gwamna Malam Dikko Raɗɗa tunda shi ma ya taɓa riƙe alli, a bar malaman da suka fi ƙwarewa a aji ɗaya da biyu, a ba su wani ɗan alawus da zai sa su so zaman wajen, ajin da ya haura ɗari a raba shi ko da a ƙarƙashin bishiya ne. In mai duba makarantu ya zo kuma kar ya tsaya ofis ya duba rajista da lesin filan ya sa hannu ya tafi, ya shiga aji ya kira yaro biyar daga layin baya, ba na gaba ba, ya rubuta masu kalma uku da Hausa ya ga abun da zai faru.

Kai kuma Edita in da hali ka turo wakilinku ranar wata Litinin da bakwai da rabi, kar a sanar da kowa. Ya zo shagona akwai benci, zan sa a kawo mashi koko da ƙosai, ya zauna ya saurara da kunnenshi har a fita tara.

Na gode, Allah ya ƙara ma jaridar nan albarka.

Naku,
wani tela daga cikin birnin Katsina