A daina ƙona mana wuƙaƙe da injin wasawa

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi kuka kan wani abu da ke ci min rai tun Sallar Layya. Ina da wuƙar yanka ta mahaifina, Allah ya jiƙan shi, wani maƙeri ne nan Tawa ya ƙera mishi ita da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, ƙotar ta ƙaho ce, kuben kuma aikin dukawanmu ne ja da kore. Ana jibi salla na kai ta kasuwa gun wani yaro mai injin wuta ya wasa min, layi ya yi tsawo kowa da tashi a hannu, shi kuma danna su kawai yake tartsatsi na tashi ko ruwa bai tsomawa. Da ya miƙo min sai na ga bakin ya koma shuɗi shuɗi, wallahi gabana ya faɗi, don duk wanda ya zauna maƙera ya san wannan launin na nufin zafi ya cinye taurin da aka ba ƙarfen ranar da aka tsoma shi cikin mai yana jajur. Ranar salla ko rago guda ba mu gama ba ta dakushe.

Kuma abin bai tsaya ga ƙonawa ba, baki iri ɗaya suke yi ma kowace wuƙa, alhali kowane aiki da irin kaifin shi. Askar wanzami gefenta a ƙwarɓaɓe yake kamar an yashe shi, shi ya sa take sulɓi kan fata amma sara ƙashi da ita ka ga ta ɓare nan take. Wuƙar masu kilishi kuwa tun daga gadon bayanta ake rage ta a miƙe har zuwa baki, siririya, don ta dinga shiga tsoka ana warware nama kamar zane. Adda da gatarin mahauta su kuma bakinsu na da ɗan tudu, akwai kauri bayan kaifin, wannan kaurin ne ke ɗaukar dukan ƙashi. Ta fiɗa kuma ciki gare ta mai lanƙwasa kada ta huda fata, kuma mu Adar mun san darajar fata.

Tsofaffin maƙeranmu sun san duk wannan, kai kafin su hura zuga-zugi sai sun tambaye ka aikin me za ka yi da ita, hagu kake ko dama, har tafin hannunka suke dubawa. Haka maƙeran Buzaye masu takobi na wajen Abalak, haka na kasuwar Katako can Yamai. Amma yanzu mun raja'a kan ƴan wuƙaƙen Sin masu ƙyalli don araha, in maƙeri ya ce jikka biyar sai mu ce ya cika tsada, bayan ya yini gaban gawayi da masaba da magagari.

Ni dai roƙona ga shugabannin maƙera da masu koyar da sana'a, a tara yaran nan masu inji a nuna musu, ko gwangwanin ruwa ne su ajiye kusa su riƙa tsomawa, sannan su gama da dutse. Wuƙar tawa dai na mai da ta maƙera, tsohon maƙerin ya ce sai an cire ƙotar an sake sa ta wuta, mako mai zuwa zan koma in karɓo.

Naku, mai karatu daga Tawa