Zuwa ga Bagobirina da ke Suwidin

Assalamu alaikum, Bagobiri.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin ƙasar nan bai ƙarasa daskarar da ɗan wayon da ka tafi da shi ba. Na ga saƙonka tun bayan Sallah kana tambayar ina aka kwana a kan ɗinkinka. Kar ka ce ubangidanka ya yi watsi da kai. Abin da ya ɗauke mini hankali ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna rubutu.

Auta yana hannun hukuma.

E, Autan shagona, wanda kake aike sayen ƙosai yana cinye rabi a hanya. An yi taron siyasa a unguwarmu da yamma, ya ja har bayan Magariba, kauraye suka shigo, wuri ya hargitse. A cikin turmutsutsun aka daɓa wa ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyya na mazaɓa wuƙa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya bar ƙananan yara. Washegari aka ce shaidu sun ga wani siririn saurayi mai shuɗiyar riga ya ruga ta lungun bayan masallaci. Da hantsi aka zo har shago aka tafi da yaron, ƙafarsa tana kan keke.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Wannan shuɗiyar shadda anko ce, kuma a shagona aka ɗinka ta, sama da mutum 40. Ragowar da ta saura na bar wa Auta, bai ma ishe shi kaftani ba, sai ya yi 'yar jamfa mai gajeren hannu, ya haɗa aljihun da wani ƙyalle daban. Na ɗauki littafin awo na tafi da shi ofishin 'yan sanda, kowane shafi da sunan mai riga da ɗan ƙyallen da na maƙala da allura. Na ce ranka ya daɗe, ga masu shuɗiyar riga nan, shafi bayan shafi, wanne daga ciki? Lauyan da muka ɗauka ya ce bakin shaidun ma bai zo ɗaya ba. Ɗaya ya ce shuɗi, ɗaya ya ce ruwan toka, na ukun ya rantse baƙa ce. Ɗaya ya ga hula zanna, ɗaya ya ce kai ba hula. Biyu daga cikinsu sun ce dogon hannu ne har wuyan hannu.

Ni ban ce ƙarya suke yi ba, wallahi. Aikina ke nan tun muna yara, na san abin da haske yake yi wa shadda. Mutum zai zaɓi yadi da rana tsaka a bakin shago, ya dawo karɓa da daddare a ƙarƙashin fitilar sola, ya ce na canza masa. Wannan fa mai natsuwa ne, da kuɗinsa ya saya, da hannunsa ya shafa. Ina ga wanda ya ga wuƙa tsirara a duhun magariba, mata na ihu, kowa na neman hanyar tsira? Idonsa na kan wuƙar. Rigar daga baya zuciya take ɗinka masa ita, idan ya ji abin da maƙwabcinsa ya faɗa.

Tun da abin nan ya faru kai nake ta tunawa, saboda labarin da ka ba mu a majalisa zuwanka na ƙarshe, wanda Malam Liman ya ce ka cika surutu. Firaministanku Olof Palme, da aka harbe a daren 28 ga Fabrairun 1986 a tsakiyar Stockholm, yana tafe da ƙafa shi da matarsa daga gidan sinima, babu mai gadi ko ɗaya. Na koma na bi labarin da kaina. Titi ne mai fitilu, da mutane a kai, amma abin da shaidu suka haɗu a kai bai wuce cewa rigar mutumin mai duhu ce ba. A kan hula kuwa kowa da tasa. An kama wani mutum, matar marigayin ta nuna shi a cikin jeri, kotu ta ɗaure shi a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a shekarar, domin an riga an shaida mata cewa wanda ake zargi mashayi ne kafin ta duba. Sai a 2020 mai gabatar da ƙara ya fito ya ɗora laifin a kan wani ma'aikacin kamfanin inshora, wanda ya mutu tun 2000, kuma babban abin da ya dogara da shi har da kayan jikinsa a daren: kwat mai duhu, hula, tabarau da 'yar jaka. Shi kuwa mutumin tun washegarin kisan ya gaya wa 'yan sanda cewa shaida ne shi, kamanninsa aka ɗauka a matsayin na makashin. Bindigar ma har yau ba a same ta ba. Ƙasar da kake cika mana baki da ita ke nan, Bagobiri, mai kuɗi da ƙwararru. To ina ga yaron tela da uwarsa ke sayar da ƙuli?

Baba ma da na kai masa maganar, sai ya ɗauko ta Murtala. Ka san shi, ba ya gajiya da ranar Juma'ar nan, 13 ga Fabrairun 1976, da aka tare baƙar Marsandi a cunkoson Ikoyi, abin da ya kai Shehu 'Yar'adua namu kujerar mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo. Sojan da ya tsira a cikin motar ya ba da labari daga baya cewa masu harbin da manyan riguna suka zo, a ƙarƙashinsu suka ɓoye bindigogi. Baba ya ce da babbar riga aka bi, da rabin Arewa an kwashe. Abin da ya tona su shi ne jagoransu Dimka da ya shiga gidan rediyo ya yi magana da bakinsa.

Af, kafin in manta, Baban ya ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya ƙare, gwiwar kuma ta dawo. Hajiyarku na je gaishe ta ranar Juma'a, ta warware sarai, har ta ba ni kuka da daddawa in ajiye maka sai an sami mai tafiya. Ta ce wai ka yi ƙiba a hoto. Na ce Hajiya ai Bagobiri ko a ina yake ba ya wasa da akushi.

Malam Liman ya zo shago ya zauna da ni, ya kawo ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Ya ce riga ta yi shaida a can, amma rigar da aka ɗauko aka duba aka ga ta baya ta yage. Wancan karon kuma da 'yan'uwansa suka kawo ta da jinin ƙarya, mahaifinsu bai yarda ba. Maganar ta shige ni. Jamfar Auta tana wurinsu, sun karɓe ta tun ranar. Ba jini, ba yagewa, hannunta ko gwiwar hannu bai kai ba. Abin da nake roƙo kawai a shimfiɗa ta a kan tebur a duba, a kuma tambayi mai shayin bakin titi, wanda ya ce yaron na wurinsa yana jiran a soya masa indomi lokacin da ihu ya tashi. Ni ma ina son a kama wanda ya yi kisan nan, marayun suna da haƙƙi. Amma in aka rufe Auta aka ce an gama, mai wuƙar yana nan yana yawo a cikinmu.

Uwarsa kullum da sassafe tana bakin shago, ba ta cewa komai, sai ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Na hana yara taɓa kekensa, wandon da yake ɗinkawa yana nan a ƙarƙashin allura. Lauya ya ce a irin wannan tuhuma beli sai babbar kotu, yana kan shirya takardu, mai unguwa da Baba sun yarda za su tsaya masa. Kuɗin mun haɗa a majalisa, kar ka ce za ka turo, na san halin da ɗalibi yake ciki ko da ya yi tumbi.

Ka sa shi a addu'a, ka ce Maman yara ma ta sa shi. In ka bi ta titin nan, ka ɗauko mini hoton allon da aka kafa a ƙasa inda Palme ya faɗi, ina son in nuna wa lauya da Baba. Bikin ƙanwar Alhaji na kanti an ɗaga shi zuwa bayan kaka, sun zo da maganar anko, na ce su ba ni lokaci tukuna. Ka shafa mini kan yara.

Naka,
Ubangidanka na Ƙofar Guga, Katsina