A bar mai lalura ya zaɓi mai taimakonsa da kansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina ɗan shekara uku a Kano, yanzu ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Duk sanda na ga hoton bikin rabon kekunan guragu a gida, sai in tuna wanda aka taɓa ba ni ina saurayi. Ya yi mini faɗi, tayarsa ba ta iya yashin layinmu, a zaure ya yi tsatsa. Da an tambaye ni, da na faɗa.

A nan jihar New York akwai tsarin da ake kira CDPAP, ƙarƙashin inshorar lafiya ta Medicaid. Ma'aikaciyar jinya za ta duba halin da kake ciki, a yanke maka awoyin da kake buƙata a mako. Kai za ka zaɓi mai yi maka hidima, ka koya masa, ka sallame shi in bai yi maka ba, gwamnati kuma ta biya shi. Ban da miji ko mata, amma ɗa, ƙane ko maƙwabci duk an yarda. Ni ɗan yayata na ɗauka. Ya san yadda zai ɗaga ni bai fama kafaɗar da ke ciwo ba, ya san lokacin alwala, ranar Juma'a ba sai na ce masa komai ba.

Tsarin yana da giɓi. Da yaron ya kwanta zazzaɓi, kwana biyu ban leƙa waje ba, domin neman madadi a wuyan mai lalurar yake. Ya kamata jihar ta tanadi mutanen da za a kira cikin gaggawa. Takardun ma Turanci ne mai tsauri, dattawanmu 'yan Zango da suka zo daga Kumasi wasu sun cancanta amma ba su da labari.

A gida, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ina roƙon gwamnonin Arewa su gwada, ko a ƙaramar hukuma ɗaya ce: kuɗin bikin rabo a mayar da shi alawus na wata-wata ga wanda mai lalurar ya zaɓa da bakinsa. Galibi uwa ce ko ƙanwa, wadda ta ajiye sana'arta take wannan hidima kyauta shekara da shekaru.

Naku,
Wani mai karatu daga Bronx