Matan Cherokee ba jiya suka fara riƙe ragama ba

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili, na lura kullum in za ku kawo labarin Amurka sai zaɓe da Fadar White House, ba a cika tunawa da mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar ba, irin su ƙabilar Cherokee da aka tasa ƙeyarsu a 1838 daga kudu maso gabas zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, dubbai suka mutu a hanya.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce Wilma Mankiller. A 1983 da ta fito takarar mataimakiyar shugaban Cherokee har tayoyin motarta aka farfasa, aka yi mata barazanar kisa, wai ina aka taɓa ganin mace a gaba. To ni abin da ya ɗaure min kai kenan, don a wajen Cherokee yaro dangin uwarsa yake bi, gida ma na mace ne. Tun 1755 a yaƙin Taliwa da aka kashe mijin Nanyehi, wadda Turawa ke kira Nancy Ward, ɗaukar bindigarsa ta yi ta ci gaba da faɗa, daga nan aka ba ta sarautar Ghigau, tana zama a majalisa, kuma in ta ce a bar fursuna da ransa to magana ta ƙare. Ashe masu cewa ba al'ada ba ce su ne suka manta al'adar.

Ita Wilma ba da surutu ta yi suna ba. A ƙauyen Bell mutane ba su da ruwan famfo, ta tara su suka kama aiki da hannunsu, suka shimfiɗa bututu mai tsawon mil 16. A 1985 ta zama shugabar ƙabilar, mace ta farko, ta yi shekara goma, zaɓen 1991 kuwa sama da kashi 80 na ƙuri'u ta kwashe.

Karatu ma ba a bar su a baya ba, a 1851 suka buɗe makarantar 'yan mata a Park Hill, shekara goma sha wani abu kacal bayan wancan ƙaurar ta dole, kuma da Sequoyah ya ƙirƙiro haruffan yarensu da 'yarsa ƙarama Ayoka ya gwada wa manya cewa abin ba tsafi ba ne. Ga irin su Gayle Ross da ta koyi tatsuniyoyin zomo mai wayo a bakin kakarta, tana yawo da su makarantu.

A 2022 Amurka ta buga hoton Wilma a kwabon senti 25, shekara 12 bayan rasuwarta. Ina roƙon ku ware mata shafi guda wata rana.

Naku,
Mai karanta ku kullum