Gigin tsufa: waya ta dawo mana da fara'ar Inna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana a kan tsofaffinmu masu gigin tsufa. Mahaifiyata, da muke kira Inna, shekara uku ke nan tana fama da shi a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Takan tambaye ni ko an kai wa Malam abinci gona, alhali ya daɗe da rasuwa. Matan da suka saba zuwa hira sun janye ƙafa, wasu har da cewa aljanu ne. Wannan ya fi shi kansa ciwon yi mini zafi. Likita a Kano ya ce cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma kaɗaici yana ƙara ta.

Yayana da ke Legas ya aiko da waya. Kullum bayan la'asar, lokacin da rikicewar ta fi tasowa, sai ya kira ta WhatsApp ta ga fuskarsa. Sunansa yakan ɓace mata, amma da ya ce "Inna, kin yi sallah?" sai ta washe baki. Mun kuma sa mata karatun Alƙur'ani a memori; surorin da ta haddace tun tana yarinya har yau tana bi ba tuntuɓe.

Waya ba ta warkar da ita ba, kuma sai da mutum a gefe ya riƙe mata. Caji ma sai an kai shago, sabis kuma sai a bakin zaure. Ina roƙon 'yan'uwa da ke birni su riƙa kira a lokaci guda kullum, ko na minti biyar ne.

Wassalam.
Wata 'yar'uwa daga Ringim, Jihar Jigawa