A riƙa biyan kuɗin jira ga tirelolin Jidda zuwa Dammam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Saudiyya masu hulɗa da dakon kaya, musamman 'yan kasuwa da dillalan da ke ɗaukar hayar tirela tsakanin Jidda da Dammam. Ina aiki a ofishin wani kamfanin dakon kaya a nan Jidda, kuma abin da ya fi haddasa rigima tsakanin mai kaya da mai mota a wannan hanya shi ne lokaci, wato tsawon lokacin da tafiyar ke ci bisa gaskiya, da kuma sa'o'in da mota ke ɓatawa a tsaye ba tare da wani ya biya su ba.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, Dammam kuma tana gabas a bakin Tekun Fasha, kowace da babbar tashar jiragen ruwa da unguwannin masana'antu. Daga yamma ana tura kwantenoni da sukari da man girki da kayan masarufi, daga gabas kuma ana ɗauko ƙarafan gini da ƙwayar roba da sinadarai, waɗanda da yawansu ke fitowa daga masana'antun Jubail, birnin da ke arewa da Dammam. Akwai layin dogo tsakanin Dammam da Riyad tun 1951, kuma yana kai kwantenoni tashar tudu ta Riyad, amma har yanzu babu jirgin ƙasan kaya da ya haɗa Riyad da Jidda, jirgin Haramain kuwa, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina ta Jidda, na fasinja ne kawai. Saboda haka nauyin wannan fatauci a kan tirela yake, a kan wuyan direba ɗaya da ke zaune shi kaɗai a gaban mota.

Daga Jidda zuwa Riyad kusan kilomita 950 ne, daga Riyad zuwa Dammam kuma kusan 400, jimla wajen kilomita 1,350. Gudun da aka yarda wa babbar mota a kan manyan hanyoyin nan shi ne kilomita 80 a sa'a, don haka ko da direba bai taka birki ko sau ɗaya ba, yana bukatar kusan sa'a 17 yana riƙe da sitiyari. Ƙa'idar Hukumar Sufuri ta ƙasa kuwa ta ce kada direba ya wuce sa'a 9 yana tuƙi a rana, sai dai sau biyu a mako a iya kai shi 10, kuma dole ya huta minti 45 bayan kowace sa'a huɗu da rabi, sannan ya samu hutun sa'a 11 kafin ya sake ɗaukar hanya. Duk wanda ya zauna ya yi wannan lissafi zai ga cewa tafiyar kwana biyu ce cur idan komai ya tafi daidai, kuma komai bai cika tafiya daidai ba. Motar da ta ɗauko lodi mai nauyi ba ta gudun 80 a hawan Ɗa'if, inda manyan motoci ke bi ta hanyar Sail suna jan ciki, ga tsayawa a ma'auni, ga sa'o'in da ake hana tirela shiga Riyad lokacin cunkoso. Bayan ta wuce garuruwan Muwaih da Zalim da Kuwai'iyya, idan ta iso bakin Riyad a lokacin hani, sai ta faka ta jira. Amma duk da haka sai ka ji Alhaji ya kira ofis da safe yana cewa, "An yi lodi jiya da la'asar, yaya har yanzu kayana ba su isa ba?" Wani ma lambar direban yake karɓa, ya dinga kiransa cikin dare yana tambayar inda yake, alhali mutumin ko dai yana tuƙi ko yana barcin da doka ta wajabta masa.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa mai kayan da ke matsa wa direba ya yi sauri a hanya, sau da yawa shi ne ke barin motar a tsaye a ƙofar sito. Mota za ta iso unguwar masana'antu ta biyu a Dammam da hantsi, a ce mata babu wurin sauke kaya, ko mai injin ɗaga kaya bai zo ba, ko mai sa hannu ya fita, sai "bukra, in sha Allahu", wato sai gobe. Wanda ya taɓa zagayawa bayan waɗannan sitoci a watan Yuli ya san abin da nake faɗa. Tireloli ne jere a gefen titi, direbobi sun kashe inji domin ana ƙirga musu man da suka ƙona, sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin bodin mota inda ɗan inuwa yake, sun buɗe akwatin gefe sun fito da ƙaramin risho suna dafa shayi, ga zafi da gumin gabar teku wanda ke jiƙa riga kafin mutum ya gama alwala. Babu banɗaki na kirki kusa, babu wanda zai gaya musu takamaiman lokacin da za a kira su, kuma ba su da ikon matsawa ko nan da can domin kada layi ya wuce su.

Wannan jiran ba kyauta ba ne, akwai mai biyansa. Mafi yawan direbobin nan baƙi ne da suka baro iyalansu a Pakistan da Indiya da Sudan da Masar da ƙasashenmu, kuma da yawansu albashinsu kaɗan ne, abin da ke cika musu aljihu shi ne kuɗin sawu. Ranar da mota ta kwana a ƙofar sito, sawu ɗaya ya ragu a watan, kuɗin da za a aika gida ya ragu. Sai direba ya nemi fanshe ranar da aka cinye masa daga cikin barcinsa, ya tuƙa daren da ya kamata ya kwanta, ya ratsa yashin hamadar Dahna da ke tsakanin Riyad da Dammam ido na rufewa. Idan kyamara ta kama shi da gudu, tara a kansa take faɗawa, idan kuma Allah ya kawo tsautsayi, sunansa ne za a rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ma mai motar ba a daɗi yake ba. Litar man dizal da ake saye halala 75 (halala 100 ce riyal ɗaya) a 2023 ta koma riyal 1.15 a Janairun 2024, ta sake hawa zuwa riyal 1.66 a Janairun 2025, ga taya, ga inshora, ga bashin motar da ake biya wata-wata ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Kuma kuɗin dakon da ake yankewa a Jidda an gina shi ne a kan fatan cewa motar za ta samu lodin dawowa daga Dammam ko Jubail. Idan aka riƙe ta kwana ɗaya fiye da alkawari, lodin dawowar ya tafi ga wata mota, ita kuma ta zauna jiran wani ko ta dawo fanko tsawon wannan hanya. Dillalin da ya karya farashi domin ya samu la'ada ba ya cikin wannan asara, ya riga ya karɓi nasa tun ranar lodi.

Na san mai kaya ma yana da nasa uzurin. Kwantenar da ta daɗe a tasha kuɗin ajiya take ci, kamfanin jirgin ruwa kuma yana cajin kowace ranar da aka makara wajen mayar masa da ita, ga masana'anta a can tana jiran kaya. To amma wannan shi ne hujjata: ɗan kasuwarmu ya yarda ya biya kamfanin jirgi kuɗin jinkiri ba tare da musu ba, saboda an rubuta shi a takarda tun farko, sai ya zo kan direba ya ɗauka cewa lokacinsa ba shi da farashi, don kawai ba a rubuta ba.

Roƙona ga 'yan uwa shi ne mu daina ƙulla cinikin dako da baki ko da saƙon murya a WhatsApp. Hukumar Sufuri ta riga ta tanadi takardar kaya ta intanet mai suna Bayan, wadda ke ɗauke da sunan mai aikawa da mai karɓa da bayanin kaya da na tafiya. Tare da ita, a rubuta yarjejeniya ko da gajera ce, a faɗi sa'o'in da aka ba sito na lodi da na saukewa, a faɗi abin da za a biya kan kowace sa'a ko rana da ta wuce haka, kuma a ware wa direba kasonsa a cikin wannan kuɗi maimakon ya tsaya a asusun kamfani. Ranar isowar kaya a lissafa ta bisa ƙa'idar hutu, kada a yi wa mai karɓa alkawarin abin da sai an karya doka zai yiwu. Kafin mota ta bar Jidda, mai kaya ya kira sito a Dammam ya tabbatar akwai wuri da ma'aikata a ranar da za ta iso, musamman idan tafiyar za ta faɗa Juma'a.

Dattawanmu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Jidda da Makka da Dammam, ku ne ake kawo wa ƙara idan ciniki ya ɓaci, kuma maganarku ana jin ta. Ina roƙonku da ku sa wannan batu a zamanku na gaba, ku fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya da Hausa da Larabci wadda kowane ɗan kasuwa da dillali zai riƙa amfani da ita kafin a ɗora kaya a mota.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin dakon kaya,
Jidda, Saudiyya.